Hotunan iyali a hannun kamfanonin intanet: zamanin ajiya kyauta ya fara ƙarewa

Tun ranar 19 ga Fabrairun 2025 Facebook ya daina riƙe bidiyon da aka watsa kai tsaye fiye da kwana 30. A ƙarshen Satumban shekarar kuma Snapchat ya sanar da cewa duk wanda hotuna da bidiyon da ya ajiye a manhajar suka zarce giga 5 sai ya biya kuɗi, ko kuwa ya kwashe kayansa. A Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, inda hotunan aure, na suna da na iyayen da suka rasu galibi suke cikin waya ɗaya da shafi ɗaya, waɗannan sanarwoyi sun shafi kusan kowane gida.

Sauye-sauyen da suka biyo juna

Matakin Facebook ya taɓa abin da mutanen Nijar suka saba da shi ƙwarai. Tafsirin watan azumi, wa'azin malamai, gasar kokawar gargajiya, walimar saukar Alƙur'ani da bukukuwan aure duk ana watsa su kai tsaye, kuma masu watsawar suna ɗauka cewa bidiyon zai zauna a shafinsu har abada. Kamfanin ya ce tsofaffin bidiyon ma zai riƙa goge su rukuni-rukuni. Zai aiko da sanarwa, daga nan mai shafi yana da kwana 90 ya sauke abinsa ko ya mayar da shi wani wuri. Wanda bai karanta sanarwar ba, ko wanda adireshin imel ɗin da ya buɗe shafin da shi ya daɗe da ɓace masa, sai dai wata rana ya nemi bidiyon ya rasa.

Snapchat, wanda matasa da ƴan mata suka mayar da shi tamkar akwatin ajiyar hotunansu, ya ba waɗanda suka zarce giga 5 wa'adin wata 12 kafin abin da ya yi rara ya shiga haɗari.

Google ya riga su. Daga ranar 1 ga Yunin 2021 ya kawo ƙarshen ajiyar hotuna kyauta ba iyaka a Google Photos. Yanzu giga 15 ne ake ba kowane asusu, kuma Gmail, Google Drive da Google Photos duk daga cikinsu suke ci. A watan Mayun 2023 kamfanin ya ƙara da cewa asusun da aka yi shekara biyu ba a shiga ba yana iya goge shi baki ɗaya, ya kuma fara aiki da wannan ƙa'ida a watan Disambar shekarar. A farkon 2024 aka zo kan WhatsApp: kwafin hirarraki da hotunan da wayoyin Android ke ajiyewa a Google Drive, wanda a da ba a lissafa shi, ya shiga cikin waɗannan giga 15. Masu iPhone kuwa giga 5 kaɗai Apple ke ba su kyauta a iCloud.

Lissafin ba shi da wuya. Hoto ɗaya daga wayar zamani yakan kai mega 3 zuwa 5. Ke nan giga 15 za su ɗauki hotuna dubu uku zuwa dubu biyar, in ba a saka komai ba sai su. Bidiyon minti ɗaya mai kyau yana iya cin mega 100. Bikin aure ɗaya, daga kamu zuwa kai amarya, ya isa ya cinye rabin wurin. Idan wurin ya cika, ajiyar takan tsaya shiru, wayar na ci gaba da ɗaukar hotuna, mai ita kuma yana zaton komai na tafiya daidai.

Abin da ya sa kamfanonin ke janye hannu

Abin da ake kira ajiya a intanet ɗakuna ne manya cike da na'urori, a Amurka, Turai da Asiya, masu cin wutar lantarki dare da rana, masu buƙatar sanyaya da sauya faifai duk bayan ƴan shekaru. A lokacin da kamfanonin ke rige-rigen tara jama'a, ajiya kyauta ita ce tsabar da suke watsawa. Yanzu jama'ar ta taru, kyamarorin waya sun ƙara ƙarfi, bidiyo ya rinjayi hoto, nauyin kuma yana ƙaruwa kowace shekara.

Kuɗin shigar Facebook da Instagram daga talla yake fitowa, talla kuma tana bin abin da mutane ke kallo yau. Facebook da kansa ya kafa hujja da cewa yawancin masu kallon bidiyon kai tsaye a makonnin farko suke kallonsa. Bidiyon walimar da aka yi shekara biyar da ta wuce, wanda iyali ɗaya ne kawai zai nema, ga kamfanin kaya ne mai cin wuri ba ya kawo riba. Darajarsa ga iyalin ba ta cikin lissafin.

Hanya ta biyu ita ce mayar da mai amfani kyauta ya koma mai biyan kuɗin wata. A Turai, giga 100 na Google yana kan yuro 1,99 a wata, wato kimanin sefa 1300, kusan jika 16 a shekara. Kuɗin ba su fi ƙarfin ma'aikaci ko ɗan kasuwa ba, amma biyan galibi yana buƙatar katin banki, abin da mafi yawan masu waya a Nijar ba su da shi. Kuma haya ce: ranar da aka daina biya, wurin yakan koma giga 15, sabbin hotuna su daina shiga, saƙonnin imel su daina isowa.

Gidajen da suka rushe da kayan mutane a ciki

Tarihin intanet cike yake da shafukan da a zamaninsu ake ganin ba za su taɓa faɗuwa ba. MySpace, wanda ya yi tashe kafin Facebook, ya amsa a watan Maris na 2019 cewa ya rasa hotuna, bidiyo da waƙoƙin da aka ɗora a kansa daga 2003 zuwa 2015 lokacin da yake sauya na'urorin ajiya. An ƙiyasta waƙoƙin da suka salwanta sun kai miliyan 50. Babu ɓarawo, babu gobara, kuskuren aiki ne kawai.

Flickr, shafin da masu sana'ar hoto suka fi so, ya yi wa kowa alkawarin giga dubu kyauta a 2013. Bayan da kamfanin SmugMug ya saye shi a 2018, aka rage kyautar zuwa hoto 1000, aka ce abin da ya haura za a iya goge shi. Google ma ya rufe dandalinsa na Google+ a watan Afrilun 2019.

Misalin da ya fi kusa da masu karatun faransanci shi ne Skyblog. Ɗalibai da yawa na ƙasashen da ke amfani da faransanci, waɗanda suka fara shiga intanet a shagunan sibar a shekarun 2000, a can suka fara ɗora hotunansu. An rufe shi ranar 21 ga Agustan 2023. Babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa da hukumar adana sauti da hotuna ta INA sun kwashi kwafin miliyoyin shafuka domin masu bincike, amma wanda bai sauke nasa ba kafin ranar, ba zai iya buɗe wayarsa ya gan su kamar da ba.

Babu alamar Facebook ko Google za su rufe gobe. Darasin dai shi ne, sharuɗɗan ajiya na hannun mai gida, yana sauya su lokacin da ya ga dama, kuma Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

A Nijar, haɗarin ya fi zuwa ta layin waya

Kafin wani kamfani ya goge hotunan mutum, sau da yawa shi mutumin ne ke rasa hanyar shiga. Mai sayen sabuwar Tecno, Infinix ko itel a kasuwa yakan miƙa ta ga mai shago ko wani yaro ya buɗe masa Gmail, Facebook da WhatsApp. Yaron zai zaɓi adireshi da kalmar sirri, ya rubuta a guntun takarda ko ma kada ya rubuta. Shekara uku wayar na aiki lafiya. Ranar da ta faɗa ruwa, ko aka fizge ta a tasha, hotunan suna nan a Google Photos, amma mai su bai san sunan asusun ba balle kalmar sirrinsa. Bayan shekara biyu kuma ƙa'idar asusun da ba a shiga ta hau kansa.

Mabuɗi na biyu shi ne lambar waya. Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom da Niger Telecoms, kamar sauran kamfanonin sadarwa a duniya, sukan karɓe layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba su sayar wa wani. Wannan ya fi shafar ƴan ci-rani. Wanda ya tafi Aljeriya, Libiya, Abijan ko Legas ya yi shekara biyu, yana iya dawowa ya tarar lambarsa ta zama ta wani. Duk saƙon tabbatarwa da Facebook ko Google za su aiko, wayar wancan mutumin zai shiga. Haka nan layin da aka yi wa rajista da katin shaidar wani: idan ya ɓace, mai amfani da shi ba shi da hujjar karɓo sabo.

WhatsApp na da nasa tarko. Mutane da yawa suna ɗauka cewa hotunan da ke zauren iyali suna ajiye a wurin kamfanin. Tsarin manhajar ba haka yake ba: da zarar saƙo ya isa, mazauninsa shi ne wayoyin waɗanda suka karɓa. Wanda ya sauya waya ba tare da kwafi a Google Drive ko iCloud ba, kuma bai kwaso hirarrakin daga tsohuwar wayar ba, zai tarar da zauren fayau. Kamfanin ya kuma ce asusun da ya yi kwana 120 bai haɗu da intanet ba galibi ana goge shi. Hoton da aka saka a matsayin sitatus kuwa awa 24 ne rayuwarsa.

Sai satar asusu. Salon da ya fi yawa shi ne a kira mutum ko a aiko masa saƙo, a ce an turo masa wata lamba mai alƙaluma shida bisa kuskure ko don shiga wani taro, ya karanto ta. Da ya karanta, asusun ya koma hannun ɓarawo, wanda zai fara roƙon kuɗi da sunansa. A Facebook kuma, asusun da aka dakatar saboda zargin karya ƙa'ida yana da kwana 180 na ɗaukaka ƙara, in aka wuce ko aka ƙi karɓa, a rufe shi dindindin. Yawancin irin wannan hukunci na'ura ce ke fara yanke shi, kuma na'urar takan yi kuskure. A 2022 jaridar New York Times ta ba da labarin wani uba a Amurka da Google ya rufe wa asusu bayan ya ɗauki hoton ciwon ɗansa don tura wa likita. Ƴan sanda sun wanke shi, amma kamfanin bai mayar masa da asusun ba a lokacin, hotunan shekaru masu yawa suka tafi tare da shi.

Akwai kuma ranakun da intanet ɗin ce ke ɗaukewa. Bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a Fabrairun 2021, an katse intanet ta wayar hannu a Nijar na kusan kwana goma. A Satumban shekarar, maƙwabtan Maraɗi a jihar Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato sun yi makonni ba layin waya sam. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook, Instagram da WhatsApp sun tsaya cak a duniya baki ɗaya na kusan awa shida. Ranar 14 ga Maris 2024 kuma igiyoyin intanet huɗu da ke ƙarƙashin teku a gaɓar Afirka ta Yamma suka lalace, matsalar ta iso har Nijar, wadda ba ta da teku, ta maƙwabta take samun hanyarta. Irin wannan katsewa ba ta goge hoto. Amma wanda hoton takardar haihuwar ɗansa, na takardar fili ko na shaidar karatu yake intanet kaɗai, a ranar da ya buƙace shi tamkar babu ne.

Abin da ke shafi ba shi ne hoton asali ba

Ko da shafin ya dawwama, abin da ke cikinsa ragaggen kwafi ne. Facebook, Instagram da WhatsApp suna matse hoto domin ya yi saurin tafiya ya kuma rage cin forfe. Hoton da ya fito daga kyamara da mega 4 yana iya isa wayar ɗan'uwa bai kai rabin mega ba. A fuskar waya ba a ganin bambanci. Ranar da aka kai shi wurin mai wankin hoto don a faɗaɗa shi a rataye a falo, ko a buga a kalandar tunawa da mamaci, sai fuska ta fito dishi-dishi. Tun 2023 WhatsApp ya ƙara zaɓin HD, amma shi ma yana matsewa kaɗan. Hanyar da ke isar da hoto yadda yake ita ce a tura shi a matsayin takarda, abin da wayoyin faransanci ke rubutawa «Document».

Bayanan da kyamara ke liƙa wa hoto, irin su rana da sa'ar da aka ɗauke shi, su ma galibi ana cire su. Cire wurin da aka ɗauki hoton kariya ce ga mai shi, amma cire ranar asara ce ga tarihin gida: bayan shekara ashirin ba wanda zai iya tantance sunan wane yaro ne wannan.

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne rashin bambance madubi da ajiya. Google Photos da iCloud suna aiki kamar madubin waya ne. Wanda ya buɗe Google Photos ya goge hoto don ya sami wuri, ya goge shi a waya da kuma intanet lokaci ɗaya. Hoton yakan zauna a kwandon shara kwana 60 a Google idan an riga an ɗora shi, kwana 30 a iCloud, daga nan ya tafi. Maɓallin «Libérer de l'espace» kuwa akasin haka yake yi: yana cire hotunan daga waya ya bar su a intanet kaɗai. Bayan danna shi, kwafi ɗaya tak ya rage, a asusun da wataƙila mai wayar bai san kalmar sirrinsa ba.

Ajiyar gida ma tana da nata ciwo

Wanda ya ce zai bar intanet ya dogara ga abin da ke hannunsa, shi ma bai tsira ba. Katin ajiya na waya, wanda aka fi sani da kart memuwar, da kile USB sukan mutu ba sallama. Zafin watan Afrilu da Mayu, ƙurar hunturu da yawan ɗaukewar wuta ana tsakiyar kwafa duk suna rage musu kwana. Faifan ajiya mai juyi a ciki, faɗuwa ɗaya daga tebur ta isa ta kashe shi.

Kasuwa kuma cike take da katunan jabu. Akan rubuta giga 64 ko 128 a jiki, waya ma ta nuna hakan, alhali ainihin cikinsa bai wuce giga 8 ba. Katin zai ci gaba da karɓar hotuna, amma abin da ya haura ainihin cikinsa ya lalace, ba a gane ba sai ranar da aka zo buɗewa. Gwajin mai sauƙi ne: a cika katin da bidiyo tun yana sabo, a cire shi a mayar, sannan a buɗe na farko, na tsakiya da na ƙarshe. Kati mai arahar da ta wuce hankali abin tuhuma ne.

Ambaliyar daminar 2024 ta nuna ɗaya gefen. Sama da mutum miliyan ɗaya ta shafa a Nijar, jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki, a Damagaram kuma tsohon masallacin Birni, ginin ƙarni na 19, ya rushe a farkon Satumba. Gidan da ruwa ya ci, ya ci akwatin hotunan takarda, wayar da ke kan gado da kile USB da ke cikin kwaba a dare ɗaya. A irin wannan rana, kwafin da ke intanet ko wanda ke gidan ɗan'uwa a wani gari shi ne ke tsira.

Kwafi uku, wuri biyu, ɗaya a nesa

Ƙa'idar da masu sana'ar hoto ke bi, wadda Ba'amurke mai ɗaukar hoto Peter Krogh ya yaɗa, ana kiranta 3-2-1: kwafi uku na kowane hoto mai muhimmanci, a kan nau'in ma'aji biyu daban, ɗaya kuma a wani wuri nesa da gida. Manomi ya san wannan tun kafin kwamfuta, shi ya sa ba ya zuba irin shuka da hatsin ci a rumbu ɗaya.

A yanayin Nijar, matakin farko shi ne tacewa, domin forfe na da tsada. Cikin hotuna dubu biyar da ke waya, mafi yawa gaisuwar Juma'a ce, hotunan talla da abin da aka turo daga zauruka. Waɗanda iyali za su yi kukan rashinsu ba su cika wuce ɗari uku ba. Hoto 300 a kan mega 4 giga 1,2 ne kacal: ya shiga kowane kati, kuma ana iya ɗora shi a dare ɗaya a wurin da ke da wifi ko da forfen dare.

Na biyu, kwaso abin da ke shafukan. Facebook da Instagram suna da wurin sauke bayanai a cikin «Espace Comptes». Ana zaɓar hotuna da bidiyo kaɗai, a zaɓi inganci mafi girma, kamfanin ya haɗa su cikin ƙunshi ɗaya. Ƙunshin ƴan kwanaki kawai yake jira kafin ya ɓace. Tun 2020 kuma ana iya umartar Facebook ya tura hotunan kai tsaye zuwa Google Photos ko Dropbox. Wannan hanya ta fi dacewa da mai ƙaramin forfe, domin kayan daga na'urar kamfani zuwa ta kamfani suke tafiya, ba sa bi ta wayarsa. Na Google kuwa ana kwaso su ta Google Takeout.

Na uku, kwafin hannu. Ƙaramar igiyar OTG tana haɗa kile USB da waya ba tare da kwamfuta ba. Xender ko Quick Share suna tura hotunan asali daga waya zuwa waya ba tare da intanet ba kuma ba tare da matsewa ba. Kile biyu, ɗaya a gida, ɗaya a hannun ƴar'uwa da ke aure a wani gari, a riƙa sabunta su duk sallah, sun cika sharaɗin. Kuma a riƙa buɗe su ana dubawa, a sauya su bayan ƴan shekaru, don ajiyar da ba a taɓa gwadawa ba zato ce kawai.

Na huɗu, takarda. Hoto ashirin ko talatin da aka wanke, aka rubuta suna, wuri da shekara a bayansu, aka saka cikin leda a akwatin ƙarfe, ba sa buƙatar caji, layi ko kalmar sirri.

Mabuɗan su ma suna son ajiya: adireshin Gmail da kalmar sirrinsa a rubuce cikin littafi tare da takardun gida, layin waya da rajistar sunan mai shi, lamba ta biyu ko imel na biyu don farfaɗo da asusu, da lambar sirri mai alƙaluma shida ta tabbatarwa mataki biyu a WhatsApp.

Sirri da gado

Yawaita kwafi yana yawaita ƙofofi. Hoton matar aure ba lulluɓi, hoton jinya ko na takardun banki, idan ya fita ba ya dawowa, kuma a garuruwan da kowa ya san kowa, hoto ɗaya ya isa ya kashe aure ko ya ɓata sunan gida. Wayar da aka bar wa mai gyara a buɗe, katin da aka manta cikin wayar da aka sayar, da kwamfutar shagon sibar da aka sauke hotuna a kanta ba a goge ba, su ne hanyoyin da aka fi sani. A watan Yulin 2024 kamfanin Meta ya ce ya rufe kimanin asusun Instagram dubu 63 a Najeriya masu alaƙa da karɓar kuɗi ta hanyar barazanar fallasa hotunan tsiraici. Irin waɗannan hotuna, rashin ɗaukarsu shi ne kariyar da ta fi kowace.

Tun 2021 WhatsApp ya ba da damar kulle kwafin ajiya da kalmar sirri ko da mabuɗi mai alƙaluma 64, ta yadda Google ko Apple ma ba za su iya karanta shi ba. Amma wanda ya manta mabuɗin, kamfanin ba shi da hanyar buɗe masa.

Mutuwa ma ta shigo lissafi. Iyalai da yawa sun riƙe wayar mamaci a kulle, hotunan ƴaƴansa na ciki, ba mai iya buɗewa. Facebook yana ba mutum damar naɗa wanda zai kula da shafinsa bayan rasuwa, Apple ma haka tun ƙarshen 2021, Google kuma yana da tsarin da zai miƙa bayanan ga wanda aka zaɓa idan asusun ya yi wasu watanni ba motsi. Duk sai mai asusun ya tsara su da ransa. Kamar wasiyya ce, kuma ba ta ɗaukar fiye da minti goma.

Abin da doka da hukumomi za su iya

Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, aka sabunta ta a watan Disambar 2022, da kuma hukumar HAPDP mai kula da aiwatar da ita. Dokar ta ba mutum haƙƙin sanin bayanansa da ake riƙe da su da neman a gyara su. Sai dai yarjejeniyar da mai asusu a Tasawa ko Birnin Ƙonni ya danna ya amince da ita, da kamfanin Amurka ya ƙulla ta, cikin harshen da mafi yawa ba sa karantawa. Kayan sauke bayanai da tura su wani wuri da ake morewa a yau sun bunƙasa ne musamman bayan dokar Tarayyar Turai ta 2018, wadda ta tilasta wa kamfanoni ba mutum bayanansa ya tafi da su. Ƙasa ɗaya ta Sahel ba ta da irin wannan nauyi a gaban Meta ko Google.

Abin da ke hannun hukumomin gida ya fi ƙanƙanta amma yana da amfani. Hukumar ARCEP da kamfanonin waya za su iya tabbatar da cewa kowa ya san wa'adin da ake karɓe layi, a kuma yi gargaɗi da Hausa, Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa kafin a karɓe. Gidajen rediyon al'umma za su iya fassara sanarwoyin kamfanonin da ke zuwa da faransanci ko turanci. Masu shagon waya kuma, waɗanda su ne ainihin malaman fasaha na unguwa, za su iya mayar da rubuta wa mai saye adireshinsa da kalmar sirrinsa wani ɓangare na ciniki.

Batun ya wuce na iyali. Ana sanin yadda matasan Yamai suka yi ado da rawa a shekarun 1960 da 1970 ne saboda Philippe Koudjina, wanda ya rasu a 2014, ya ɗauke su kuma fim ɗin hotunan ya tsira. A Bamako, Malick Sidibé ya jera nasa cikin kwalaye da kwanan wata a jiki, abin da ya kai shi ga lambar Zakin Zinariya a Venise a 2007. A wancan zamani mai hoto shi ne ma'ajin gari: wanda hotonsa ya ɓace yakan koma studiyo a sake wanke masa. Yau kowa mai hoto ne, amma babu studiyon da ke riƙe da asali. Hawan sallar Damagaram, kasuwar Maraɗi, cikar kogin Kwara a Yamai da fuskokin dattawan ƙauyuka na waɗannan shekaru suna warwatse a miliyoyin wayoyi da shafuka masu wa'adi. Faransa ta sa ɗakin karatunta ya kwashi Skyblog kafin a rufe. A Nijar, cibiyoyi irin su ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa, IRSH da CELHTO, waɗanda suka yi shekaru suna tattara rubuce-rubucen da da muryoyin maroƙa da masana, su ne suka fi cancanta su fara karɓar irin wannan amana, idan aka ba su kayan aiki da kuɗi.

Kafin nan, nauyin yana kan kowane gida. Wa'adin kwana 30 na Facebook yana aiki a kan duk bidiyon da aka watsa yau, na wata 12 na Snapchat yana tafiya, na shekara biyu na Google kuma yana ƙirga wa duk asusun da aka manta.